Kunnen da ke sauraren ƙarƙashin ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na lura cewa kafafen yaɗa labarai suna kawo labarin girgizar ƙasa, da na dutse mai aman wuta, da na ruftawar ramin haƙar ma'adinai, tamkar abubuwa uku da ba su haɗa hanya ba, kuma ba a cika tunawa da su ba sai an fara ƙidayar gawawwaki. A wurin masana kuwa ukun nan rassa ne na ilimi guda, na'ura iri ɗaya ake sauraren su da ita, kuma abin da aka koya a ɗaya yana ceton rai a ɗayan. Abin da nake so masu karatu su gane shi ne, ƙasa takan yi gyaran murya sau da yawa kafin ta yi magana, kuma yawancin rayukan da aka rasa a aman wuta da ramukan ma'adinai an rasa su ne a wuraren da babu mai sauraro, ko kuma mai sauraron ya ji amma ba shi da ikon cewa a fita.

Tushen al'amarin ba shi da wuyar fahimta. Dutse idan aka matsa masa yakan jure, yana tanƙwaruwa kaɗan-kaɗan yadda ido ba zai gani ba, har ya kai inda ba zai iya ɗauka ba, sai ya tsage ko ya zame a kan tsohuwar tsaga farat ɗaya, ƙarfin da ya daɗe yana tarawa ya bazu cikin ƙasa. Abin da ya bambanta shi ne mai yin matsin. A girgizar ƙasa ta asali, manyan falalen dutsen da suka rufe duniya ne ke gogayya da juna, suna tafiyar 'yan santimitoci a shekara, kwatankwacin saurin tsirowar farce. A dutse mai aman wuta, narkakken dutse da iskar da ke cikinsa ne ke neman hanyar fita sama. A ramin ma'adinai kuwa ɗan'adam ne ya cire abin da ke riƙe da nauyi, nauyin ya koma kan abin da ya rage.

Duk inda tsagewar ta auku, girgiza iri biyu ce ke tasowa daga gare ta. Ta farko tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa a cikin dutse mai ƙwari, kuma ba ta cika yin ɓarna ba. Ta biyu tana biye da ita a gudun kusan kilomita 3 da rabi, ita ce mai karkaɗa gini gefe da gefe. Tazarar da ke tsakanin isowarsu ita ke nuna nisan wurin, kamar yadda tazarar walƙiya da tsawa ke nuna nisan hadari, kuma idan tashoshin na'urorin sauraren ƙasa uku ko fiye suka ɗauki motsin, ana iya nuna inda ya taso da zurfinsa. Ma'aunin girman girgiza da Charles Richter ya fito da shi a 1935, da wanda ya gaje shi daga baya, suna da wata ɗabi'a da ya kamata duk mai rubuta labari ya riƙe: ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin ya ninka kusan sau 32, ƙarin maki biyu kuwa kusan sau 1,000. Saboda haka girgiza mai maki 7 ba 'yar gaba kaɗan ba ce da mai maki 5, ta ninka ta ƙarfi har sau dubu.

Dole in faɗi gaskiya tun da wuri, domin kada a ɗauka ina tallata abin da babu shi. Har yau babu masanin da zai iya faɗin rana da sa'ar da babbar girgizar ƙasa za ta auku, kuma duk wanda ya yi iƙirarin haka a kafafen sada zumunta, a yi hattara da shi. A watan Fabrairun 1975 hukumomin ƙasar Sin sun fitar da mutane daga gidajensu a Haicheng saboda jerin ƙananan girgiza da suka gani, babbar ta zo, aka tsirar da jama'a masu yawa, har duniya ta zaci an gano bakin zaren. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, a watan Yulin 1976, girgiza ta auka wa Tangshan cikin dare ba tare da irin waccan alama ba, ta kashe mutum kusan 242,000 bisa ƙidayar hukuma. Abin da ake iya yi a yau shi ne gargaɗi na 'yan daƙiƙoƙi: tasha ta ji girgizar farko, saƙo ya riga ta biyu isa birni, jirgin ƙasa ya taka birki, a rufe bututun gas, yara su shige ƙarƙashin tebur. Meziko ta fara wannan tun farkon shekarun 1990, Japan kuma ta buɗe nata ga jama'a a 2007.

Sai dai binciken bai tsaya nan ba, kuma labarin da ya fi burge ni a wannan fanni ya fito ne daga abin da a da ake zubarwa a matsayin hayaniya. Bayan girgizar Kobe ta 1995, wadda ta kashe sama da mutum 6,000, Japan ta shimfiɗa tashoshi kusan 800 a faɗin ƙasar, kowace na'ura an binne ta a rami mai zurfin aƙalla mita 100 domin ta rabu da ƙarar motoci da iska. A 2002 wani masani mai suna Kazushige Obara ya lura cewa wata 'yar rawa maras ƙarfi, wadda ba ta da farko ko ƙarshe a fili irin na girgizar da aka saba, tana bayyana a tashoshi masu nisa da juna a lokaci guda. Da mota ce ko iska, da ba za ta zo wa tashoshi da yawa tare ba. Da ya bi sawunta sai ya tarar daga zurfin kusan kilomita 30 take tasowa, a layin da wani falalen dutse ke nutsewa ƙarƙashin kudu maso yammacin Japan, tana ɗaukar sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Kafin wannan, a duwatsu masu aman wuta kawai aka san irin wannan makyarkyata.

Shekara guda bayan haka, a Kanada, Garry Rogers da Herb Dragert suka nuna cewa irin wannan rawa a yankin Cascadia, a gaɓar tekun yammacin Kanada da Amurka, tana zuwa ne tare da wata zamewa ta sannu a hankali, wadda na'urorin da ke aiki da tauraron ɗan'adam suke ganin ta a doron ƙasa, kuma tana maimaituwa kusan duk wata 14. Wato tsagar tana sakin ƙarfin da ya kai na girgiza mai maki 6 ko fiye, amma cikin makonni, ba tare da ko kofi ya faɗo daga kan tebur ba. Muhimmancin abin shi ne, ɓangaren da ke zamewa a hankali yana maƙwabtaka da ɓangaren da ya maƙale, wanda shi ne mai haifar da manyan bala'o'i, kuma kowace zamewa tana ƙara masa nauyi. Bayan babbar girgizar Tohoku ta 2011 a Japan masana sun koma kan bayanan da aka adana, suka ga alamun zamewa ta sannu tana matsawa zuwa inda babbar ta fashe a makonnin da suka gabace ta. Amma yawancin irin wannan zamewa tana wucewa lami lafiya, don haka ba ta zama hanyar hasashe ba tukuna. Darasin da na ɗauka shi ne, ba a gano wannan sabon ilimi ba sai da aka samu na'urori masu yawa, suna aiki dare da rana na tsawon shekaru, ana adana abin da suka ji ko da ba a san amfaninsa ba, kuma ana barin masana su duba.

A wajen duwatsu masu aman wuta an fi samun nasara, domin narkakken dutse ba ya hawowa a ɓoye. Yana fasa dutsen da ke gabansa, sai a ji ƙananan girgiza masu kaifi. Yana ratsa tsaga tare da tururi da iska, sai a ji wani sauti mai tsawo kamar amon iska a cikin bututu. Idan kuwa ya kusa, rawar takan zama ba ƙaƙƙautawa, kamar murfin tukunyar da ke shirin tafasa. Ana haɗa wannan da awon kumburin ƙasa da yawan iskar farar wuta da ke fita daga bakin dutsen. Tun 1841 aka kafa cibiyar sa ido ta farko a kan dutsen Vesuvius na Italiya, kuma abin da aka tara daga lokacin zuwa yau ya nuna amfaninsa a fili a Filifins. Dutsen Pinatubo ya farka a watan Afrilun 1991 bayan barcin kusan shekara 500. Masanan ƙasar tare da takwarorinsu na Amurka suka kafa na'urori cikin gaggawa, suka tsara matakan gargaɗi da jami'i da manomi za su fahimta, hukuma kuma ta kwashe dubun-dubatar mutane kafin 15 ga Yuni, ranar da dutsen ya yi ɗaya daga cikin aman wuta mafi girma a ƙarni na 20. An rasa ɗaruruwan rayuka, da yawansu saboda rufin gidaje da jiƙaƙƙiyar toka ta danne, amma hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa an ceci aƙalla mutum 5,000.

A ajiye wannan gefe da abin da ya faru a Kolombiya shekara shida kafin nan, domin a nan ne zuciyata take ƙuna. Dutsen Nevado del Ruiz ya yi kusan shekara guda yana motsi. Masana sun zana taswirar haɗari a watan Oktoban 1985, taswirar ta nuna garin Armero a kan hanyar malalar taɓo idan zafin aman wuta ya narkar da ƙanƙarar da ke saman dutsen. A daren 13 ga Nuwamba abin da aka zana ya faru daidai. Aman wutar kansa ƙarami ne, taɓon kuma ya ɗauki sama da sa'a biyu kafin ya isa garin, lokacin da ya ishi mutum ya taka da ƙafa zuwa tudu. Ba a fitar da jama'a ba. Kusan mutum 23,000 suka mutu. Ilimin yana nan, taswirar tana nan, abin da aka rasa shi ne wanda zai ɗauki nauyin yanke hukunci da hanyar da saƙo zai isa ƙofar gida cikin dare.

Ba na cewa yanke irin wannan hukunci abu ne mai sauƙi. A 1976 an kwashe kusan mutum 70,000 daga kewayen dutsen Soufrière a tsibirin Guadeloupe da ke yankin Karibiyan, suka yi watanni a waje, babban aman wutar bai zo ba, mutane suka yi asarar sana'o'insu, masana kuma suka yi ta musu a bainar jama'a. Haka nan akwai duwatsun da ba su ba da isasshen lokaci. Nyiragongo da ke saman birnin Goma a Kwango ya ɓarke a 22 ga Mayun 2021, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa alamun da suka fito fili ba su riga aman wutar da ko sa'a guda ba. Amma abin da ba shi da uzuri shi ne, cibiyar da ke sa ido a kan wannan dutse ta shafe watanni kafin nan tana fama da yankewar kuɗin aiki, har da na intanet ɗin da ke kawo mata bayanai daga tashoshi, alhali dutsen nan ne ya malalo da wuta cikin tsakiyar Goma a 2002. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma na'urar da aka kunna bayan dutse ya fara motsi ba ta san yadda yake a lokacin lafiya ba, balle ta gane ya sauya.

Yanzu in zo ga ramukan ma'adinai, inda na fi son in daɗe, domin a nan ne hannun ɗan'adam ya fi bayyana, kuma a nan ne aka fi fakewa da cewa ƙasa ce ta yi halinta. Ramin zinariya na Mponeng a Afirka ta Kudu ya kai zurfin kusan kilomita 4. A wannan zurfi, nauyin dutsen da ke sama ya haura tan ɗaya a kan kowane wuri mai faɗin farcen yatsa. Kafin a haƙa, nauyin ya rarrabu daidai. Da zarar an buɗe rami, nauyin da ke kan abin da aka cire ya koma kan bango da ginshiƙan da aka bari, kuma dutse mai ƙwari ba ya lanƙwasa ya ba da sanarwa, tarwatsewa yake yi, ya watso ɓaraguzai cikin ramin da ƙarfin da ya yi kama da na nakiya. Wani lokaci kuma haƙar takan tayar da tsohuwar tsaga da ta daɗe a kwance. An fara haƙar zinariya a Johannesburg a 1886, kuma zuwa 1908 girgiza ta dami mazauna har aka naɗa kwamiti, wanda ya gano cewa daga ramukan take tasowa. A 1976 girgiza mai maki 5.2 ta rushe wani bene a garin Welkom. A 2005 wata mai maki 5.3 ta kashe mahaƙa biyu a Stilfontein, ta lalata gine-gine a gari. A 2014 aka yi mai maki 5.5 kusa da Orkney. Duk a yankunan haƙar zinariya ne.

Ranar 21 ga Janairun 1960 ɗaruruwan ginshiƙai suka murƙushe ɗaya bayan ɗaya a ramin kwal na Coalbrook a Afirka ta Kudu, suka binne mahaƙa sama da 430, waɗanda ba a taɓa fito da gawawwakinsu ba. Ramin ya yi gyaran murya. Wani sashe nasa ya riga ya rufta a ƙarshen watan Disamba, kuma a ranar kanta, da aka ji rugugi da yamma, mahaƙa sun gudo waje, aka mayar da su bakin aiki. An rage ƙaurin ginshiƙan ne don a ƙara samun kwal, a lokacin da babu wani tabbataccen lissafi na nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka. Bayan wannan masifa ne aka zuba kuɗi a bincike, har masana biyu, Salamon da Munro, suka fitar da lissafin ƙarfin ginshiƙin kwal a 1967, bayan sun tattara tarihin ginshiƙan da suka tsaya da waɗanda suka faɗi. Ana amfani da wannan lissafi har yau. Ina jin nauyin cewa da rayukan mutum ɗari huɗu da ɗoriya aka saye shi.

Na'urar sauraren ƙasa tana da wani amfani da ba a cika ambata ba, wato ba da shaida. A 6 ga Agustan 2007 ramin kwal na Crandall Canyon a jihar Utah ta Amurka ya rufta da mahaƙa shida, tashoshi suka ɗauki motsi mai maki 3.9, mai ramin ya fito ya dage cewa girgizar ƙasa ta asali ce ta jawo ruftawar. Masana suka duba rubutun na'urorin. A girgiza ta asali, inda dutse ke zamewa a kan dutse, motsin farko yakan tura ƙasa sama a wasu tashoshi, ya ja ta ƙasa a wasu. A wannan kuwa motsin farko ya nuna ja zuwa ciki, alamar rami ne ya rufe a kan kansa. Wato ruftawar ita ce girgizar. Kwana goma bayan haka masu aikin ceto uku suka mutu a wata sabuwar fashewa, binciken gwamnati kuma ya gano cewa tsarin haƙar ne ya kasance da aibi, kuma ramin ya riga ya yi irin wannan fashewa a watan Maris na shekarar. Da babu tashoshin da ba na kamfani ba a kusa, da maganar mai rami ce za ta zauna, iyalan mamatan su haƙura a kan ƙarya.

A manyan ramuka na zamani ana binne na'urori masu yawa a cikin bangon ramin, suna ɗaukar dubban ƙananan tsagewa da kunne ba ya ji. Ba su faɗin sa'ar da dutse zai fashe, amma suna nuna sashen da matsi ke taruwa, injiniya ya sauya tsarin haƙa, ko ya cike guraben da aka gama da su, ko ya ƙarfafa rufi da ƙusoshin ƙarfe da raga masu ba da kai ba tare da sun tsinke ba. Bayan an tayar da nakiya, ƙananan girgiza sukan yi yawa sannan su riƙa raguwa bisa ƙa'idar da Fusakichi Omori ya bayyana tun 1894 game da girgizar da ke biyo bayan babba, kuma da wannan ake ƙayyade tsawon lokacin da za a jira kafin a sake shigar da ma'aikata. Ga ilimin girgizar ƙasa yana yi wa mahaƙi aiki. Mahaƙi ma ya rama alherin: a 2017 masana daga Japan da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe suka shiga ramin zinariya na Moab Khotsong a Afirka ta Kudu, daga zurfin kusan kilomita 3 suka huda dutse zuwa yankin tsagar da ta haifar da girgizar Orkney, suka ciro samfurinsa. Abin da mai nazarin girgizar ƙasa ba ya iya kaiwa gare shi daga sama, ramin ma'adinai ya kai shi kusa da shi.

Sai dai duk wannan na manyan kamfanoni ne. A faɗin duniya akwai sama da mutum miliyan 40 da ke haƙar ma'adinai da hannu ko da ƙananan kayan aiki, kuma ramukansu ba su da na'ura ko taswira. Haɗarinsu ba matsin zurfin kilomita 4 ba ne. Rufi ne maras tokari, da ƙasar da ruwan sama ya jiƙa, da ginshiƙin da wani ya ƙwaƙule saboda ya ga ƙyallin ma'adini a jikinsa, da ramin maƙwabci da ya ratso ta ƙarƙashi ba a sani ba, da hayaƙin injin jan ruwa da aka kunna a wurin da iska ba ta zagayawa. Waɗannan mutane suna da nasu ilimin sauraro, kuma bai kamata a raina shi ba. Tsohon mahaƙi yakan ƙwanƙwasa rufi da sandar ƙarfe kamar yadda ake gwada tukunyar ƙasa: lafiyayye yana ba da amo mai kaifi, wanda ya rabu da uwarsa kuwa yana amsawa kamar ganga. Yakan kula da ƙura ko tsakuwa da ke zubowa ba dalili, da tokarin itace da ya fara kuka, da ruwan da ya ɓullo a inda babu shi jiya. A ganina masu bincike sun yi wa waɗannan miliyoyin ƙwauron kulawa. Na'urorin ɗaukar motsi da na gano gurɓatacciyar iska sun yi araha sosai a 'yan shekarun nan, kuma abin da ya rage shi ne jami'o'i su sauka zuwa bakin ramin, su rubuta abin da tsofaffin mahaƙa suka sani, su gwada shi, su mayar musu da shi cikin harshen da suke ji.

Ajali na hannun Allah, babu mai musun wannan, amma mayar da mutum cikin ramin da ya ji yana rugugi ba tawakkali ba ne, zalunci ne. Shi ya sa nake ganin doka tana da muhimmanci daidai da na'ura. Yarjejeniya mai lamba 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1995, ta ba mahaƙi 'yancin janye jikinsa daga wurin da yake da dalilin ganin akwai babban haɗari ga lafiyarsa, Afirka ta Kudu kuma ta saka wannan a dokarta ta 1996. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma hakan yana tabbata ne idan mai kunnen yana da damar tafiya ba tare da an kore shi daga aiki ba.

Shi ma masanin da ke ba da gargaɗi yana buƙatar irin wannan kariya, tare da nauyin faɗin gaskiya yadda take. Bayan girgizar L'Aquila ta 2009 a Italiya, wadda ta kashe mutum 309, kotu ta yanke wa masana shida da jami'in gwamnati guda hukuncin ɗauri a 2012 bisa zargin sun kwantar wa jama'a da hankali fiye da kima a kwanakin da ƙananan girgiza ke ta aukuwa. Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan shida a 2014. Duk yadda mutum ya kalli shari'ar, ta bar tambayar da ta shafi 'yan jarida kai tsaye: yaya ake isar wa jama'a da magana irin ta "mai yiwuwa ne, amma ba tabbas" ba tare da an mayar da ita "babu komai" ko "ku gudu" ba? Masani yakan yi magana da ƙiyasi, jami'i yana son amsa guda, kanun labari kuma ba shi da wurin dogon bayani, kuma a wannan tsakani ne ma'ana take ɓacewa.

Saboda haka roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan labarin motsin ƙasa ya iso teburinka, a tambayi masana zurfinsa, da tashoshi nawa suka ɗauke shi, da ko akwai haƙa ko fasa dutse a kusa, kafin a buga dalilin da wani mai ruwa da tsaki ya bayar. Idan rami ya rufta, kada a tsaya a kan adadin mamata, a nemi waɗanda suka tsira a tambaye su abin da suka ji a kwanakin da suka gabata, da wanda suka faɗa wa, da amsar da aka ba su. Ina kuma roƙon a riƙa aika wakili zuwa cibiyoyin sa ido a lokacin da babu abin da ya faru, ya duba ko na'urorinsu suna aiki, ko ana biyan ma'aikatansu, ko bayanan da suke tarawa suna isa hannun ɗalibai da masu bincike, sannan a buga abin da ya gano a shafin da mutane ke karantawa.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum